Fitilar mota mai kunna kanta da iyakar wayonta

A yawancin motocin zamani, direba kan juya makunnin fitila zuwa AUTO ya bar sauran aikin ga mota. A saman dashbod, ko a bayan madubin tsakiya, akwai 'yar na'ura mai auna hasken waje tana sanar da kwamfutar motar. Da haske ya ragu, sai fitilun gaba da na baya su kama bayan ɗan jinkiri, don kada inuwar gada ta ruɗe ta. Kwamfutar ce kuma ke kunna fitilar ciki in an buɗe ƙofa, ta dusar da ita sannu a hankali, ta kashe wadda aka manta kafin ta shanye batir. Dabarar tsohuwa ce, domin tun 1952 kamfanin General Motors ya fito da Autronic Eye, mai sauke doguwar fitila idan wata mota na tahowa.

Wasu direbobi na cewa wannan tsari na koya wa mutum lalaci, kuma in ya lalace sai an sha wuyar neman mai rewaya da ya san kansa. Akwai gaskiya a ciki, amma mantuwa ta fi lalacewar na'ura yawa. Wanda magariba ta riska a hanya, idonsa kan saba da duhun da ke shigowa kaɗan-kaɗan har ya makara wajen kunna fitila. Na'ura ba ta da wannan rauni.

Rauninta na wani wuri. Yawan haske take aunawa, ba ta san nisan da ido ke hangowa ba. A hazon hunturu ko ruwan sama da rana, takan ɗauka gari garau yake. Ga kuma fitilun da ke ci da rana yayin tuƙi, waɗanda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfurin motoci tun 2011: a motoci da dama gaba kawai suke haskawa, dashbod na walƙiya, baya kuwa duhu. Wannan ya sa Kanada ta kafa dokar da ta fara aiki a 2021 cewa sabuwar mota ta kunna fitilun baya da kanta, ko fitilun gaba, ko ta bar dashbod a duhu har direba ya kunna.

Saboda haka AUTO abin dogaro ne da dare, amma ranar da hazo ya sauko, direba ya kai hannu ya kunna gajeriyar fitila da kansa, kuma kada ya rufe na'urar da ƙyallen ado.