'Yan Rukuni na Uku: Katolikan da Ke Ɗaukar Alkawari Ba Tare da Barin Gida Ba

Idan aka ambaci cocin Katolika a ƙasar Hausa, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne fada da farar riga, ko sista da lulluɓinta a bakin asibiti ko makaranta, sai kuma Paparoma can a Roma. Akwai wasu mutanen da ba a cika lura da su ba, domin ba su da wata shiga da ta bambanta su da maƙwabta. Suna da aure da 'ya'ya, wani tela ne, wata malamar makaranta ce, wani ma'aikacin lafiya. Amma sun tsaya gaban jama'a a coci sun ɗauki alkawarin bin wata ƙa'ida ta rayuwa har mutuwa, suna da shugabanninsu da asusunsu, kuma lokaci lokaci sukan haɗu a babban taro na ƙasa. Su ake kira 'yan rukuni na uku.

Musulmin da ya san Tijjaniyya ko Ƙadiriyya ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Mutum yana nan cikin addininsa, yana sana'arsa, amma ya ƙara wa kansa wani nauyi na ibada a ƙarƙashin sunan wani bawan Allah da ya gabata, yana da 'yan'uwa a garuruwan da bai taɓa zuwa ba, kuma akwai ranar da kowa ke ɗaura niyyar tafiya, kamar yadda ake cika Kiota lokacin Maulidi ko Kano ranar Maukibi. Tauhidin ya sha bamban, wannan ba a musu. Yadda ake tara jama'a ne ya yi kama.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce ta Faransis na garin Asisi a Italiya, ɗan wani attajirin mai sayar da yadi, wanda ya yi watsi da dukiyar ubansa ya rungumi talauci, ya rasu a 1226. Mazan da suka bar komai suka bi shi su ne rukuni na farko. Matan da suka killace kansu tare da wata mabiyarsa mai suna Kilara su ne na biyu. Sai ga magidanta da matan aure suna cewa su ma suna so, amma wa za su bar wa yara da gona? Domin su aka rubuta ƙa'ida a 1221, Paparoma Nikolas na Huɗu ya tabbatar da ita a 1289, Liyo na Sha Uku ya sassauta ta a 1883, sannan Paparoma Bulus na Shida ya amince da wadda ake aiki da ita yanzu a ranar 24 ga Yunin 1978.

Tsohuwar ƙa'idar ta 1221 ba ta wasa ba ce. Ta hana 'yan ƙungiya ɗaukar makami, ta taƙaita musu rantsuwa, ta umarce su da sa tufafi marasa tsada, da biyan bashi, da sulhu da abokan gaba kafin a karɓe su, da rubuta wasiyya da wuri don kada gado ya raba zumunci. A Italiyar wancan zamani, inda kowane gari ke yaƙi da maƙwabcinsa, a ce dubban magidanta sun ƙi ɗaukar takobi, ai sarakuna ba su ji daɗi ba.

Asalin babban taron ma daga can yake. A zamanin Faransis, mabiyansa sukan taru a wata 'yar majami'a da ke gindin tudun Asisi. Wata shekara suka zo dubbai, babu masauki, suka kafa bukkoki da tabarmi a fili, mutanen gari suka riƙa kawo musu abinci. Har yau idan 'yan ƙungiyar suka kira taron zumunci na kowa da kowa, sunan da suke ba shi ke nan: taron tabarmi.

To me ake yi idan an haɗu? Addu'a da wa'azi suna nan, amma wanda ya zaci zikiri kaɗai zai tarar zai yi mamakin yawan takardu. Kowace shekara uku akan yi taron zaɓe. Wakilan yankuna su zo, shugaba mai barin gado ya karanta rahoton abin da aka yi, ma'aji ya baje lissafin kuɗi, a yi tambayoyi, wani lokacin har jijiyar wuya ta tashi. Shugaban ƙasa na ƙungiyar ba shi ke jagorantar zaɓen ba. Majalisar ƙungiyar ta duniya da ke Roma ce ke turo wakili ya zauna a kujerar. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, a raba 'yan takardu, kowa ya rubuta a asirce, masu ƙirga su juye a kan tebur a gaban idon jama'a su karanta da ƙarfi. Wanda zai zama shugaba sai ya sami fiye da rabin ƙuri'un waɗanda ke wurin. Idan an yi zagaye biyu ba a samu ba, sai a ware mutum biyun da ke gaba su kara. Daga nan mai jagoranci ya juya ya tambayi wanda aka zaɓa ko ya karɓa, kuma yana da damar ya ce a'a.

Akwai fada a ɗakin, wanda aikinsa shi ne kula da ruhaniyar ƙungiya. Sai dai ba shi da ƙuri'a a zaɓe, ba shi da ita a maganar kuɗi. A cocin da aka san ta da bin limamai sau da ƙafa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Batun tazarce ma an toshe shi tun a takarda: shugaba na iya yin zango biyu, na uku kuwa sai ya sami kashi biyu bisa uku tun a zagayen farko, na huɗu a jere babu shi sam. 'Yan Nijar da suka ga rikicin tazarcen 2009 za su iya yin murmushi a nan.

Shiga ƙungiyar kuma ba cike fom ba ne. Akwai lokacin sanin juna, sannan horo na aƙalla shekara ɗaya, kuma ba a karɓar alkawarin wanda bai kai shekara 18 ba. Alamar da mutum ke samu bayan duk wannan ita ce ɗan gicciyen katako mai siffar harafin T da ake ratayawa a wuya.

Wata doka ɗaya ce ke nuna yadda lamarin yake a wuri irin Damargu, a Jamhuriyar Nijar. Kafin a kafa reshe a gari, sai an sami aƙalla mutum biyar da suka ɗauki alkawarin dindindin. A Legas ko Kotonu wannan ba komai ba ne. A Tanut ko Belbeji, ƙasar gero da raƙuma, inda Hausawa da Buzaye da Fulani da Dagra kusan duk Musulmi ne, biyar adadi ne mai nauyi. Kiristoci a Nijar gaba ɗaya ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, Katolika kuma wani ɓangare ne na wannan ɗan kason. A gabashin ƙasar da yawansu baƙi ne daga Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya, ko ma'aikatan gwamnati da aka turo. Yau ana tare, gobe takardar canjin wurin aiki ta fito.

Damargu tana ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wanda aka kafa a 2001 da Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, a matsayin bishop na farko. Wannan dayosis ɗin ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita miliyan ɗaya, ya fi Najeriya ɗungurungum. Limamai kaɗan ne. Saboda haka a ƙananan garuruwa mai karantar da katikisma ko wani magidanci ne ke tara mutane ranar Lahadi, ya karanta nassi, ya ziyarci mara lafiya, ya tsaya a kan gawa kafin fada ya iso daga nesa. Aikin da 'yan rukuni na uku ke yin alkawari a kansa, a nan larura ce ke ɗora wa mutum shi, da katin ƙungiya ko babu.

Yankin yana da tasa alaƙar da wata ƙungiyar daban. Charles de Foucauld tsohon hafsan sojan Faransa ne da ya koma zaman ibada a Tamanrasat, cikin Buzayen Hoggar, ya shafe shekaru yana tattara ƙamus na harshensu da waƙoƙinsu. Burinsa shi ne ya kafa ƙungiyar Kiristoci masu sana'a da za su zauna cikin Musulmi a matsayin maƙwabta, ba masu wa'azi a kasuwa ba. Lokacin da aka kashe shi ranar 1 ga Disambar 1916, watan da jagoran Buzaye Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya, mutum 49 ne kacal a rajistar ƙungiyar, har da shi kansa. Bayan mutuwarsa ne abin ya yi rassa a ƙasashe da dama, aka ayyana shi waliyyi a Mayun 2022. Ba kowa ne a Sahara ke kallonsa da ido ɗaya ba, domin bai taɓa yanke hulɗa da sojojin mulkin mallaka ba, kuma masu tarihi ba su ɓoye wannan.

Zaman maƙwabtakar nan an gwada shi da wuta. Ranar 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙona mishan ɗin Katolika da wasu majami'u, washegari abin ya kai Yamai. Mutum 10 suka mutu a kwana biyu. Kiristoci da dama sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a cikin gidajensu. 'Yan ƙungiyar Faransis sukan tuna cewa shi da kansa ya tsallaka fagen yaƙi a 1219 ya gana da Sarki al-Malik al-Kamil a Dimyat ta Masar, ya dawo lafiya, kuma daga baya ya gargaɗi mabiyansa masu zama cikin Musulmi da su guji gardama da jayayya.

Da an tsallaka iyaka zuwa Najeriya, hoton ya canza. A can akwai Jaruman Waliyyi Mulumba, ƙungiyar da Fada Anselm Ojefua ya kafa a Onica a 1953, da sunan ɗaya daga cikin shahidan Uganda na 1886. Manufarta ta farko ita ce ta ba ma'aikata da 'yan kasuwa Katolika wurin zumunci don kada su faɗa ƙungiyoyin asiri. Suna da matakai huɗu na girma, da reshen matansu, da babban taro na ƙasa inda ake fitowa da kayan ado da takubba na biki. Suna gina coci, suna biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, suna kai ziyara gidajen yari. Ana kuma yi musu tsegumin cewa ƙungiyar masu hannu da shuni ce, kuma duk wanda ya ga jerin motoci a wurin taronsu ba zai ce tsegumin ba shi da tushe ba.

Amma idan ana maganar wadda ta shiga jinin masu jin Hausa, Zumuntar Mata ce. A dokar coci ba rukuni na uku ba ce, babu alkawarin dindindin, sai dai ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Ta fara ne a cocin mishan na Furotesta, Katolika suka ɗauka suka yi tasu. Ranar taronsu, harabar coci takan cika da mata cikin atamfa iri ɗaya, zane da ɗankwali. A gaba ga masu kaɗa tulu, suna buga bakinsa da wani ɗan faifan soso yana fitar da amo mai zurfi, ga masu caki da ganga, wata ta bayar da waƙa da Hausa sauran su amsa. A gefe an kafa tukwane, a wani lungun kuma sakatariya da ma'aji sun buɗe littafi suna kiran sunan reshe reshe, kowa na kawo kuɗin wata da gudunmawar gwauraye da marayu. Bayan rikici, su ne sukan fara kai hatsi da tabarmi sansanin 'yan gudun hijira, kafin manya su gama taron manema labarai.

Cocin kanta tana ƙara zama 'yar gida a wannan ɓangaren. Sakkwato ta zama dayosis a 1964, Kano a 1999, Zariya a 2000, sannan a Oktoban 2023 aka yanko Katsina daga Sakkwato aka naɗa Gerald Mamman Musa, wanda ake kira Bahaushe na farko da ya zama bishop ɗin Katolika.

A nan ne wani abin ban mamaki yake. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, abinci ɗaya, dangi a kowane gefe. Amma tsarin coci yana bin iyakar da Turawa suka shata. Katsina tana lardin Kaduna, tarukanta da Hausa da Turanci. Maraɗi tana lardin Yamai, kuma bishop-bishop na Nijar majalisa ɗaya suke da na Burkina Faso, don haka wasu manyan tarukan a Wagadugu ake yin su, da Faransanci. Wakilin da zai taso daga Tanut sai ya yi kusan kilomita 150 zuwa Damagaram, ya ƙara kusan 900 zuwa Yamai. Hanyar da ta wuce daga nan zuwa Burkina kuwa ta ratsa yankin da aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Satumbar 2018, wanda bai kuɓuta ba sai Oktoban 2020, a Mali.