Ba dole sai ka zama jarumi ba: Sana'ar kula da gidan zane-zane

IN ka shiga gidan kallo a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ka tambayi samari me suke so su zama a harkar fim, kusan duk amsa ɗaya za ka ji: jarumi! To amma malam, wa zai adana mana tarihin jaruman?

Turmin Danya ya fito a 1990. Yau nemi fostocin finafinan wancan zamani ka gani. Da yawa an naɗe ƙosai da su, saura gara ta cinye. Adana irin waɗannan kaya sana'a ce guda: kula da gidan baje kolin zane-zane.

Mai wannan aiki ba sai ya iya zane ba. Shi ne ke tattaro aikin masu zane da masu ɗaukar hoto, ya rubuta sunan mai aikin da shekarar da aka yi shi, ya kare shi daga rana da danshi, ya shirya nuni, sannan ya daidaita farashi da mai saye ya ɗauki la'adarsa. Ka ga kenan kamar furodusa yake.

Jihar Katsina ta san zafin rashin irin waɗannan mutane. An haƙo tsofaffin mutum-mutumin yumɓu a yankin, 'yan sumoga suka yi Turai da su, har sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

Ina ake koyo? Akwai sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A makarantar da ta zama wannan jami'a ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa shahararriyar ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. A Jos kuma akwai cibiyar horas da ma'aikatan gidajen tarihi. Wajen aiki, ga gidan tarihi na Katsina, ga Gidan Makama a Kano, ga hukumar zane-zane ta ƙasa da aka kafa a 1993.

Gaskiya ba sana'ar kuɗin nan take ba ce, kuma masu sayen zane sun fi yawa a Legas da Abuja. Amma fa somawa ba ta da tsada. Tsofaffin fostoci da kwalayen kaset da ke jibge a shagon haya na unguwarku, je ka karɓo su tun kafin damina ta gama da su, ka rubuta sunan fim da shekararsa a bayan kowanne. Aikin kenan ka fara.