Yadda Yaro Ke Koyon Kalma Ta Hanyar Taɓawa

Taɓawa ce hanyar ji ta farko da ke fara aiki a jikin ɗan Adam. Tun wajen mako na 8 da shigar ciki, fatar da ke kewaye da bakin ɗan tayi take fara amsawa idan wani abu ya shafe ta. Shi ya sa jariri yake kai duk abin da ya kama baki, domin leɓe da harshe da kan yatsu sun fi sauran jiki yawan jijiyoyin ji. Kan yatsa yana iya bambance tsini biyu da ke da tazarar milimita 2 zuwa 3, alhali fatar baya sai tazarar ta kai wajen santimita 4. A cikin fata akwai jijiyoyi iri-iri, wasu na dannawa, wasu na girgiza, wasu na zafi da sanyi. Binciken yadda suke aiki ne ya sa aka ba David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021.

Sai dai fata ba ta raɗa wa abin da ta ji suna. Wannan aikin manya ne, kuma kalmar ta fi zama a kan yaro idan ya ji ta hannunsa na kan abin. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi ba: laushin auduga, kaushin dutsen niƙa, santsin ƙwarya, yauƙin miyar kuɓewa, danƙon ƙaro, danshin gindin randa. Ga kuma amsa-kama, wadda yara ke saurin cafkewa saboda daɗin faɗinta: laushi tiɓis, sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf. Uwar da ta ɗora hannun ɗanta a kan tabarmar kaba ta ce "kaushi", sannan ta mayar da shi kan zane ta ce "laushi", ta koya masa kalma biyu da bambancinsu a lokaci guda. Haɗa kishiyoyi haka ya fi jero sunaye amfani nesa ba kusa ba.

Idan yaro ya kai shekara 3 ko 4, ana iya zuba soso da cokali da lemo da ɗan ƙyalle a jaka, ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya siffanta abin kafin ya fito da shi. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a Roma a 1907, ta yi amfani da haruffa masu kaushi da yara ke bi da yatsa kafin su riƙe alƙalami.

Wasu yara ba sa son taɓa laka ko ƙullu, kuma tilasta musu ƙara musu ƙyama yake yi. A bar su su kalla tukuna. Tsakuwa da wake da gyaɗa da maɓalli kuwa suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba, don haka kada a ba shi su.