Wa Za Ka Ba Amanar Kuɗin Tsufanka?

A Madawa, Buza da Keita, ma'aikacin gwamnati yana da asusun fansho na CARENI, na kamfani yana da CNSS. Manomin albasa na fadamar Tarka kuwa, da ɗan ci-ranin da ya dawo daga Abijan ko Libiya, fanshonsu shi ne abin da suka tara da guminsu. Su ne waɗanda masu daɗin baki suka fi farauta.

Kafin ka saurari mai ba da shawara, tambaye shi: wa ke biyanka? Idan ladansa na fitowa daga abin da zai sayar maka, cikinsa yake yi wa aiki. Banki ko asusun ajiyar da ya nuna maka, nemi ganin takardar izininsa. A Nijar hukumar ARSM ce ke sa ido kan ƙananan asusun ajiya da lamuni. Wanda ya ce zai ninka kuɗinka cikin wata uku, rabu da shi nan take.

Mai ba da shawara na gari yakan fara da tambayar iyalinka, bashinka da lafiyarka. Ba zai bari ka zuba komai a albasa ba, don tana ruɓewa, farashinta kuma yakan faɗi lokacin girbinta. Kada ka dangwala yatsa sai wani naka ya karanta maka takardar.