Ladi Kwali: Ɗalibar da Ta Je Turai, Ta Koma Malama

Duk wanda ya juya bayan takardar naira 20 zai ga hoton wata mata ta duƙufa tana aikin tukwane. Wannan ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane, wadda sana'ar hannunta ta kai ta Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, alhali kuwa ba ta yi karatun boko ba. Labarin tafiye-tafiyenta yana da amfani ga kowane ɗalibi da ke shirin barin gida, gama ya nuna abin da ya kamata mutum ya karɓa a wurin baƙi da abin da ya kamata ya riƙe nasa.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, watau mutanen da suke kiran kansu Gbagyi. A yau garin yana cikin Babban Birnin Tarayya. A wancan yanki ginin tukwane aikin mata ne, ita ma tun tana ƙarama ta koya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Maginiyar Gwari ba ta juya tukunya. Takan ajiye curin yumɓu wuri ɗaya, ta riƙa kewaya shi tana jan bangon sama da hannu, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu, har randa ta tashi. Sa'an nan ta yi mata zane, ta shanya, ta gasa a fili da itace da ciyawa. Zanen Ladi kuwa ya fita dabam: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsaye.

Sunanta ya bazu har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa. Abujar da ake nufi a nan ita ce garin da aka sake wa suna Suleja bayan an keɓe ƙasar sabon babban birni a 1976. A can fadar ne wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950, sa'ad da yake zagayen duba sana'ar tukwane a madadin gwamnatin lokacin. Shi ne ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a garin, Ladi kuma ta shiga a 1954, ta zama mace ta farko a cikin ɗaliban.

A makarantar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan da ke sa tukunya ƙyalli kamar tangaran, da gashi a cikin tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Ta yi kwanoni da butoci da kofuna irin na Turawa. Amma ba ta bar randar gida ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu kamar yadda ta gada, sai dai yanzu da yumɓun makaranta, ana cika zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu.

Waɗannan randuna su ne suka riga ta isa Turai. An nuna kayan makarantar Abuja a ɗakin nuni na Berkeley da ke birnin Landan a 1958 da 1959 da 1962, nata kuma suka fi jan hankalin masu saye. A farkon shekarun 1960 ita kanta ta tafi Ingila, ta nuna aikinta a makarantar zane ta Farnham da kuma Wenford Bridge, wurin aikin Cardew a lardin Cornwall. Ta kuma yi irin wannan nuni a Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani maginin Ghana, Kofi Athey, suna bin makarantu da jami'o'i.

Abin lura a cikin wannan tafiya shi ne yadda al'amari ya juya. Mutanen da ta tarar sun saba ganin magini yana zaune, faifai yana juya masa yumɓu. Sai ga mace daga Kwali, ba inji ba ma'auni, tana kewaya yumɓu har randa ta fito daidai ta kowane gefe. Ba ta bukaci dogon Turanci ba, hannunta ne ya yi bayani. Ɗalibai da malamansu suka zauna suna kallo, wadda ta shiga makaranta don ta koyi hanyar Turawa ta koma tana koya wa Turawa hanyar Gwari. Da a ce ta raina abin da ta taso da shi, da ba ta da wani abin nunawa a can, gama masu gini a kan faifai ba su da iyaka a Ingila.

Duk da haka haɗuwar al'adun biyu ba ta zo kyauta ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsatsafo, iska kuwa tana busar da damshin tana ɗauke zafi. Da aka shafa mata ruwan ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani, sai ƙofofin suka toshe, ta ƙara nauyi, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Watau ta tashi daga kayan ɗakin girki ta koma kayan ado na masu hali da gidajen tarihi. Ta sami daraja a duniya, ta rasa aikin da aka fara gina ta dominsa.

Ladi ba ta zauna a waje ba. Kowace tafiya ta ƙare takan komo bakin aikinta, wasu mata kuma suka bi sawunta zuwa makarantar, irin su Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta a 1977, gwamnatin tarayya kuma ta ba ta lambar OON a 1981. An sa wa makarantar sunanta, haka kuma wani titi a birnin Abuja. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara ɗaya bayan rasuwar Cardew. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sa hotonta a sabuwar takardar naira 20.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ladi ta ƙetare teku sau da yawa, amma gida bai bar ta ba, domin ta tafi da shi a hannunta. Ɗalibin da zai fita neman ilmi ya dace ya tambayi kansa tun kafin ya hau jirgi: in an ce ya nuna abin da ya zo da shi daga garinsu, me zai nuna?