Noman Agbayun: Ɗan Itacen da ke Mai da Tsami Zaƙi

Agbayun, kamar yadda Yarabawa ke kiransa, gajeren itace ne na kurmin Afirka ta Yamma, daga Ghana da Benin zuwa kudancin Nijeriya da Kamaru. Masana na kiransa Synsepalum dulcificum. 'Ya'yansa jajaye ne, tsawonsu santimita 2 zuwa 3, da ƙwallo ɗaya a ciki. Idan ka tsotsi ɗaya sannan ka sha lemun tsami ko koko mai tsami, za ka ji zaƙi har tsawon rabin awa zuwa awa ɗaya. Dalili shi ne wani sinadarin furotin mai suna mirakulin, wanda aka fara tace shi a 1968. Yakan manne a harshe, ya motsa wuraren jin zaƙi da zarar tsami ya taɓa su. A 2021 Tarayyar Turai ta amince da sayar da busassun 'ya'yansa a matsayin abinci, abin da ya ƙara masa daraja.

Zaɓen wuri

Itacen na son ƙasa mai tsami (pH 4.5 zuwa 5.8), mai taki, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ka nemi malamin gona ya auna maka ƙasa kafin ka fara. Kada ka zuba toka ko farar ƙasa, domin suna rage tsamin ƙasa, ganye ya yi rawaya, girma ya tsaya. Yana kuma son danshi da 'yar inuwa, saboda haka gefen gonar goro ko ayaba ya dace da shi.

Shuka

A nan aka fi yin hasara. Irin agbayun ba ya jure bushewa, kada ka shanya shi kamar masara. Ka cire ƙwallon daga nunannen ɗa, ka wanke, ka shuka a ledar reno a ranar. Yakan tsiro cikin mako 2 zuwa 3, wani lokaci fiye. Ka yi dashe a farkon damina, da tazarar kamar mita 4.

Kulawa

Girmansa na da jinkiri: sai bayan shekara 3 zuwa 4 yake fara 'ya'ya. Ka rufe gindinsa da busasshen ganye, ka riƙa ban ruwa da rani, musamman lokacin hunturu.

Girbi

Ka tsinki waɗanda suka yi ja sosai. Cikin kwana 2 zuwa 3 suke lalacewa, zafin dahuwa kuma yana kashe mirakulin. Don haka ka sami mai saye, ko firjin daskarwa, tun kafin girbi.

Gargaɗi ga malaman gona

Agbayun harshe kawai yake sauya wa ji, tsamin abinci yana nan. Mai gyambon ciki ya yi hattara. Haka kuma kada a tallata shi a madadin maganin ciwon sukari.