Baƙuwar tsutsar masara: ka gane ta, ka faɗa, ka kashe ta

Manomi, akwai wata tsutsa da kakanninmu ba su san ta ba. Asalinta daga ƙasashen Amurka ne. A shekarar 2016 aka fara ganinta a Afirka, a Najeriya da maƙwabtanta. Ba ta daɗe ba ta shigo ƙasarmu Nijar. Zuwa 2018 ta game kusan duk Afirka, har ta kai Indiya. Masara ta fi so, amma tana cin dawa da gero da shinkafa.

Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Da taimakon iska yana iya tafiyar kilomita 100 cikin dare ɗaya. Mace guda tana zuba ƙwai sama da 1000. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa wata ɗaya ne. Da rani ma ba ta hutawa, sai ta koma masarar noman rani, irin ta Jiratawa da Ƙonni, ta jira damana.

Yadda za ka gane ta

Duba ganyen masara, sama da ƙasa. Ƙwayayen suna manne wuri ɗaya, 100 zuwa 200, da wani abu kamar auduga a bisansu. Ƙananan tsutsotsi suna kankare ganye, su bar shi fari kamar leda. In sun girma sai su shige cikin zuciyar masara, su huda ganye, su bar kashi mai kama da dusa.

Ka fito da babbar tsutsa, ka dube ta da kyau. A goshinta akwai farin zane kamar harafin Y da aka kifa. Kusa da wutsiyarta akwai baƙaƙen ɗigo 4, biyu sama biyu ƙasa. In ka ga alamun nan biyu, ita ce.

Yadda za ka duba gonarka

Tun daga tsirowar masara, ka shiga gona sau 2 a sati, da sassafe. Kada ka tsaya bakin gona. Ka ratsa ta, ka tsaya wuri 5 dabam-dabam. Kowane wuri ka duba masara 10. Ka ga ka duba 50 ke nan. Tunda ka iya rubutu, ka riƙe littafi. Ka rubuta ranar, da adadin waɗanda suka kamu. In 10 cikin 50 sun kamu masara tana ƙarama, lokacin magani ya yi.

Wa za ka faɗa ma?

Ran da ka fara ganinta, ka gaya ma mai gari da maƙwabtan gonarka. Ka sa tsutsa 2 ko 3 cikin kwalba, ka kai ma ma'aikacin gona, ko ɗan garinku da aka hora kan kare shuka. Ka nuna mishi littafinka. Shi zai isar da labari ga ma'aikatar kare tsirrai. Ɓoyewa ba ta da amfani, don tsutsar gonarka gobe tana gonar ɗan'uwanka.

Yadda za ka yaƙe ta

Ƙwai da ƙananan tsutsotsi, ka murje su da hannu. Wannan ba ya cin ko dala.

Ka zuba toka ko rairayi kaɗan cikin zuciyar masarar da ta kamu.

Ka daka rabin kilo na ƴaƴan dogon yaro, wanda wasu ke ce ma bedi. Ka jiƙa cikin lita 10 na ruwa, ya kwana. Ka tace, ka fesa cikin zuciyar masara da marece, don da dare take fitowa ci.

Ku yi shuka tare, da wuri. Gonar da ta makara ita ke tara tsutsar gari duka. Ka haɗa masara da wake ko gyaɗa, ka cire ciyawa.

Kada ka kai ɗanyar masara mai tsutsa wata kasuwa ko wani gari.

Kada ka sayi maganin kasuwa wanda ba ya da suna. Ka tambayi ma'aikacin gona wanda aka yarda da shi. Feshi barkatai yana kashe tururuwa da ƙananan ƙwari masu cin ƙwan tsutsar, kuma yana cutar da kai da iyalinka. In tsutsa ta riga ta shige cikin goyo, magani ba ya isa gare ta, kuɗinka ne za su tafi banza.

Manomi, ka karanta ma waɗanda ba su yi karatu ba wannan takarda. Allah ya ba mu damana mai albarka.